Jikan Sarkin Ruwa da Igiyar Bature

Tun da na dawo ban huta ba. In na zauna a karofi, kafin in tsoma zane ɗaya a baba sai wani ya zo ya tsuguna, "Audu, wai yaya kuka ƙare da Baturen nan?" In na je masallaci, ana sallamewa a tare ni a bakin ƙofa. Har matan da ke aiko da rini sun daina tambayar yaushe kayansu za su fito, sai dai a aiko a ce wai da gaske ne tsohuwa ce ta tura ni? To na gaji da ba da shi guntu-guntu, kowa ya tafi ya ƙara masa gishiri. Ku gyara zama in ba ku shi tun daga tushe, wanda bai zo ba ya tambayi maƙwabcinsa.

Kun san ana ce mini Audu Bahaɗeje saboda kakana daga ƙasar Haɗeja ya zo ya zauna a ƙauyen nan namu na bayan duwatsu. Ban san shi ba, ina goye ya rasu. Abin da na ji kawai, mutanen bakin kogi ne. To daga wannan ɗan zaren ne na saƙa babbar riga har da aska. Shekara da shekaru, in hira ta yi daɗi a karofi, sai in ce kakana Sarkin Ruwa ne, kada ma kauce masa yake yi, mu jininmu ba ya nutsewa. Wa zai ƙaryata ni a garin da ruwansa na rijiya ne? Alhali kuwa, Allah shi ne shaida, ruwa mafi zurfi da na taɓa shiga shi ne na rini, shi ma iyakar gwiwar hannu.

Ƙarshen damina, gero ya fara nuna, sai ga Dagacinmu da kansa a karofi, ya ce in wanke hannu in biyo shi Dutse. Na ce, "Ranka ya daɗe, hannun marini ai ba ya wankuwa." Bai yi dariya ba. Daga nan na san akwai magana.

A ƙofar Hakimi muka tarar da Bature zaune a kujerar ƙarfe, dogo, siriri, hancinsa ya saɓule saboda rana. Aikinsa awon hanya, da wata sarƙa da ake ja masa a ƙasa, shi ya sa aka sa masa suna Mai Sarƙa. A gefensa akwai tafintansa, Malam Mamman, tsohon soja mutumin Lakwaja, wanda bakinsa ba ya rabuwa da goro. Ashe za a auna hanya ne daga Dutse har ƙasar Haɗeja, kuma a kan iyaka akwai kogi da Bature ke son sanin faɗinsa. Sai an sami wanda zai ɗaura igiya a ƙugu ya yi iyo da ita zuwa wancan ƙetare. Hakimi ya riga ya ce ba sai an roƙi Haɗejawa ba, a ƙasarsa ma akwai maza.

Dagaci ya faɗi ya yi gaisuwa, ya nuna ni ya ce, "Allah ya ja zamaninka, ga shi nan. Jikan Sarkin Ruwa ne. Wannan kifi ne, ƙafa ce kawai Allah ya ba shi."

Bature ya yi magana, Malam Mamman ya juya. "Ya ce daga bakinka yake so ya ji. Ka iya ruwa? In ba ka iya ba ka faɗa yanzu, babu laifi."

Jama'a, ku gaya mini. Ga Hakimi, ga fadawa, ga Dagacina da ya riga ya rantse a kaina, sai in buɗe baki in ce ƙarya yake yi? Ai ko uban wa ya haife ni ban isa ba. Na sunkuyar da kai na ce, "To, in Allah ya yarda." Malam Mamman ya dube ni, ya daɗe yana dubana yana tauna goronsa, sannan ya juya ya gaya wa Bature kalma ɗaya tak. Doguwar "to" ɗin nan tawa, wadda ko jariri a garin nan ya ji ta ya san akwai ƙura a bayanta, ta koma "i" a Turance.

Da na gaya wa Hajara matata, sai ta ajiye muciya ta ce, "Malam, kai da in an yi ruwan sama kake zagaye kwata?" Na ce mace ba ta san sha'anin sarauta ba. Ta daka mini fura mai yawa, ta ɗaure mini a ƙwarya, ta ce in yafe mata duk abin da ta taɓa yi mini. Wannan neman yafiyar ya fi komai tayar mini da hankali.

Ranar tashi aka fara abin mamaki. Hakimi ya aiko wa Bature da ingarma, fari tas, yana rawa yana haƙar ƙasa. Mai Sarƙa ya zagaya shi, ya dubi sirdin, ya ce wani abu gajere kamar tari, "Aikant." Malam Mamman ya ɗaga murya gaban kowa ya ce, "Ya ce ba zai iya hawan wannan ba, a ba shi mai sanyi." Wallahi mu ne muka ji masa kunya. 'Yan dako duk suka dubi ƙasa. Namiji, babba, mai mulki, ya ce doki ya fi ƙarfinsa a gaban mata da yara! Shi kuwa ko a jikinsa, ya haye wata tsohuwar goɗiya mai lumshe ido, ya gyara malafarsa, muka kama hanya.

Tafiya da mai awo ba tafiya ba ce, azaba ce. A ja sarƙa, a kafa turke, ya leƙa wani ƙarfe mai ƙafa uku, ya rubuta, a tuge turken, a sake ja. Dutse zuwa Kiyawa, da ko mai jaki yake yi a yini, mu sai da muka kwana biyu. Ni ba a ba ni kaya ba, wai kada in gaji kafin ranar aikina. Igiyar kawai aka rataya mini a kafaɗa, ina tafe tana goga mini wuya.

Don in manta da ita sai na manne wa Malam Mamman. Na ce, "Malam, wai wannan maigidan naka ba shi da kunya ne?"

Ya ce, "Wace kunya? Su a wurinsu kasawa ba tsiraici ba ce. Kuma kada ka ɗauka iri ɗaya ce. Wadda ka ji ɗazu ita ce tsirara, ta yau da kullum. In babban mutum ne ya roƙe shi, sai ya naɗa mata rawani, ya ce, ina tsoron ba zan iya ba."

Na ce, "Tsoron me?"

"Babu tsoron komai, ado ne. In kuma yana son mutumin, sai ya fara da cewa da na so ƙwarai, sannan ya kawo amma. Da ka ji amma ɗin nan, ɗauki tabarmarka. Wani lokaci kuma ba zai ɗora wa kansa ba, sai ya ɗora wa abin, ya ce kayan sun yi nauyi da yawa, ko rana ta yi zafi da yawa. Duk hanya ɗaya suke zuwa." Ya tofar da goro, ya dube ni ta gefen ido. "Mu kuwa 'to' ɗaya muke da ita, mu yi ta jan ta kamar ƙirgi. Ni na san mai tsawo da gajera, amma Turanci ba shi da wurin ajiye mai tsawon."

Na yi kamar ban gane inda ya dosa ba.

A Kiyawa akwai rafi, da na hango shi na fara salati. Allah ya taimake ni ruwan ya janye, iyakarsa gwiwa, aka ja sarƙa aka wuce. Duk da haka na riƙe wutsiyar goɗiyar Bature har muka fita, na ce wa 'yan dako ina lallashinta ne kada ta firgita.

Mai masaukinmu a can wani bafatake ne, ana ce masa Maikanwa, mutum mai ƙiba da son a yaba masa. Ya sa aka yi tuwon dawa da miyar kuka ta ji daddawa, ga zabi, ga fura da nono, aka jera gaban tantin Bature. Mai Sarƙa ya buɗe akushi, ƙamshin daddawa ya buge shi, ya mayar da murfi a hankali. Malam Mamman ya ce, "Ya ce ya gode ƙwarai, da ya so, amma yana tsoron ba zai iya ci ba." Maikanwa ya zabura. "Tsoro? A gidana? Ni zan sa wa baƙo wani abu?" Ya zauna dirshan ya yi loma a kowane akushi don a shaida. Da ƙyar tafinta ya fahimtar da shi cewa tsoron na ado ne.

Bature ya ga ran mutumin ya ɓaci, sai ya so ya gyara. Ya sa kukunsa ya kawo wata 'yar kwalba mai wani abu rawaya kamar kunun da ya kwana, wanda suke shafa wa nama kaɗan-kaɗan. Ya ɗebo a cokali ya miƙa. Maikanwa ya yi bismilla ya hambaɗa duka. Na ga idonsa ya yi ja, jijiyar goshinsa ta tashi, hawaye ya zubo har gemu. Bature ya tambaya yaya ya ji. Ya ce, "Madalla, da daɗi." Bature ya ji daɗi ya ƙara masa. Ya shanye ya ce madalla. Sai da aka yi cokali huɗu, kuma da za mu tashi aka ba shi kwalbar gaba ɗaya kyauta. Ya rako mu har bayan gari yana godiya da muryar da ba ta fita. 'Yan dako suka yi ta dariya har suna sauke kaya. Ni ma na fara, sai igiya ta goge mini wuya, dariyar ta tsaya.

Daga Kiyawa ba mu miƙe ba, sarƙa ta karkata da mu wajen Aujara, don Bature ba hanya yake bi ba, takardarsa yake bi. Kafin mu isa na ji "Aikant" ta fi a ƙirga. Ba zai iya zama a tabarma ba, ƙafarsa ba ta lanƙwasuwa. Ba zai iya faɗin sunan Ɗanlami mai jan sarƙa ba, sai ya ce a koya masa, ya yi ta gwadawa muna gyara masa. Ran da jakin kuku ya kwanta a taɓo da tukwane, ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya ce wai ba zai iya dainawa ba. Na ce a raina, wannan ko dariyar ma sai ya sa mata kasawa. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne ba wanda ya raina shi. In ya ce zai yi abu kuwa, sai ka ga ya yi, har 'yan dako suka fara cewa maganarsa ba ta da aljihu.

A Aujara muka kwana uku a wata bukkar zana da aka yi wa baƙi, mai yoyo ta kusurwa huɗu. Na ce wannan ce damata. Da hantsi na sulale bayan gari inda akwai kududdufi, na tuɓe riga, na kwanta a bakin ruwa inda cikina ke taɓa ƙasa, na yi ta bugun ruwa da hannu da ƙafa yadda na ga kwaɗi na yi. Na sha ruwan da ya ishe ni har gobe. Da na ɗago, sai ga mata biyar da tuluna sun tsaya suna kallo. Ɗaya ta ce, "Bawan Allah, aljanu ne ko farfaɗiya?" Na ce maganin ciwon baya ne aka ba ni. Na fito da matsattsaku uku a cinya.

Da la'asar na nemi wani malami mai makarantar allo a garin, dattijo mai farin gemu, na kai masa goro. Na ce ina son taimako na tsari daga ruwa. Ya ce, "Ka iya iyo?" Na ce, "To, Allah gafarta Malam..." Ya ɗaga hannu ya ce, "Na ji. Zan yi maka addu'a Allah ya sauƙaƙa. Amma rubutun da mutum zai sha ya wayi gari ya iya iyo, wannan ban iya shi ba, ban kuma ga wanda ya iya ba." Na fito hannu rabbana. Ashe ba Nasara kaɗai ke faɗin kasawarsa ba, har a cikinmu akwai masu iya faɗa, sai dai ba su da yawa.

Kwana shida daga nan ƙasa ta canja. Duwatsu sun daɗe da ɓacewa, sai fadama da giginya da sauro mai cizo tun rana ba ta faɗi ba. A gindin wata tsamiya muka tarar da mutanen Haɗeja suna jiranmu, wai nan ce iyaka. Babu ganuwa, babu ƙofa, tsamiya ce kawai, amma dogarin da Hakimi ya haɗa mu da shi da nasu dogarin suka tsaya suna gaisawa kamar surukai, kowa na leƙen rigar ɗan'uwansa. Nan aka ba mu abinci, kuma tun daga nan har muka baro ƙasar ban ga kwanon da babu kifi a ciki ba. Da safe kifi, da rana kifi, ina jin ko kunu ka nema sai ka tsinci ƙaya. Suna ta zolayarmu wai mu Kanawa in mun ga ruwa sai mun nemi guga. Dogarinmu ya harzuƙa ya ce su jira gobe, mun zo da jikan Sarkin Ruwa. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Washegari da hantsi muka isa kogin. Jama'a, duk abin da na taɓa faɗa muku game da kogi a karofi, ku yafe mini, ban san abin da nake faɗa ba. Ruwa ne ja, mai faɗi, yana tafiya shiru, mutanen da ke wancan ƙetare sun koma kamar kaji. Wata bishiya guda ta wuce ta gabanmu da saiwarta sama. Masunta da 'yan fito da masu tallar kifi duk suka taru, don labari ya riga mu isa.

Malam Mamman ne ya ɗaura mini igiyar a ƙugu. Yana ɗaurawa yana magana ƙasa-ƙasa. "Audu, na ga maza sun mutu a yaƙi saboda abin kirki, na ga waɗanda suka mutu saboda shirme. Ban taɓa ganin wanda 'to' ta kashe ba, kada ka zama na farko." Na ce, "Dagacina fa?" Ya ce, "Dagacinka yana gida yana shan fura."

Na shiga. Ruwa ya kama idon sawu, ya kama gwiwa.  Ya kama cinya, na ji yashi yana zarewa daga ƙarƙashin ƙafata kamar ana jan tabarma. Ya kai ƙugu. Na tuna fuskar Dagaci, na ƙara taku ɗaya. Ya kai ƙirji, ya fara tura ni gefe. Sai na tuna Hajara tana neman yafiya da muciya a gefenta, na tuna Maikanwa da cokalinsa na huɗu. Na ce wa kaina, Audu, shi yaji ya sha, kai kogi za ka shanye?

Na juyo. Na duba duk ire-iren kasawar da Malam Mamman ya lissafa mini, na ɗauki mai rawanin, tunda babban mutum zan gaya wa. Na ɗaga murya na ce, "Malam Mamman, gaya masa! Ka ce na gode ƙwarai, da na so, amma ina tsoron ba zan iya ba. Kuma ka gaya masa ni nawa tsoron ba na ado ba ne!"

Kafin tafinta ya buɗe baki, bakin kogi ya kece da dariya. Wani masunci ya faɗi a cikin kwalekwalensa yana shure-shure. Dogarinmu ya ja rawani ya rufe fuska. Aka jawo ni da igiyar kamar ɗan akuya, na fito ina ɗigar ruwa, ina jiran bulala ko ɗauri.

Mai Sarƙa bai yi dariya ba, bai kuma yi fushi ba. Ya tambaya, tafinta ya juya. "Ya ce me ya hana ka faɗa tun a Dutse?"

Na ce, "A Dutse ban iya faɗa ba. A hanya na koya, a wurinsa."

Ya kalli hannuwana masu shuɗi. Sannan ya ce gara da na faɗa a nan da a ce ya aika wa matata da igiya babu ni. Shi ke nan fa. Ya juya ya tambayi wa zai kai igiya, kamar wanda aka ce masa gishiri ya ƙare. Abin da na kwana goma sha ina mutuwa a kansa, a wurinsa bai kai a sake zancensa ba.

Masuntan suka tsaya jan aji, wai tunda Kanawa sun zo da gwaninsu a bar shi ya huta ya sake gwadawa. Sai wata tsohuwa mai tallar kifi, ana ce mata Iya Gambo, ta ce, "Kai, ku ba ni nan, rana na yi, dama can za ni." Ta ɗaura igiyar a ƙugu, ta ɗora tallanta a ka, ta kife a kan wata ƙatuwar gora, ta bi ruwa tana tafiya a karkace har ta fita can. Ko kifi ɗaya bai jiƙe ba. Bature ya yi awonsa ya rubuta. Da aka zo haye da mutane, kwalekwale ya cika da kaya, ita ce ta dawo ta ce, "Zo nan, jikan Sarkin Ruwa." Ta kifa ni a kan gorar, ta ce in rufe ido in rufe baki, ta tura ni ta baya har ƙetare. To ga amsarku, mata. Da gaske ne.

A can ƙetaren wani tsoho ɗan fito, ba haƙori ko ɗaya a bakinsa, ya matso ya tambaye ni sunan kakana. Na faɗa. Ya tafa hannu. "Buba mai gyaran koma! Ai na san shi ina saurayi. Hannunsa da kyau a ɗinki, amma ko alwala zai yi sai ya ja da baya daga gaɓa. Sau ɗaya ya faɗa ruwa aka tsamo shi, bai ƙara kwana uku a garin nan ba. Ya ce zai tafi inda babu komai sai dutse." Ya dube ni sama da ƙasa. "Ashe ya samu. Kai jininsa ne, babu shakka."

Na rantse muku wannan maganar ta fi komai yi mini daɗi a duk tafiyar. Na zauna a yashi na yi dariya har na yi hawaye, kuma ba duka hawayen ne na dariya ba. Shekara arba'in ina yi wa mutumin nan ƙarya, sai ranar na san shi.

Bature ya riƙe ni a aikin jan sarƙa har aka gama, sannan ya sallame mu. Dawowa kwana huɗu ce kawai tunda babu turke. Amma ƙafata ta yi nauyi, don na san dogari ya riga ni isa da labari, kuma akwai Dagaci.

Na same shi a zaurensa da yamma, shi kaɗai. Na faɗi na yi gaisuwa, na ƙi ɗagowa. Na ce, "Ranka ya daɗe, na ba ka kunya. Ban iya ruwa ba, ban taɓa iyawa ba. Kakana ma bai iya ba."

Ya ce, "Na sani."

Na ɗago.

Ya ce, "Ni da na ga kakanka da idona? In an yi ruwa mai ƙarfi a kan rumbu yake kwana. Audu, Hakimi ya kira ni gaban jama'a ya ce a ƙasata akwai mai iyo? Me zan ce? Na ce to. Na dawo na rasa wanda zan kai, sai na tuna surutunka a karofi." Ya shafa gemu, muryarsa ta yi ƙasa. "Tun ranar da kuka tashi abinci bai yi mini daɗi ba. Kullum in na ga Hajara ta wuce rijiya sai in shige gida."

 Ni dai ban taɓa ganin tsufansa ba sai ranar.

Can ya yi gyaran murya. "Yanzu ga wata kuma. An aiko wai wani Bature na zuwa bayan girbi, yana son wanda zai hau masa ƙololuwar dutsen nan ya kafa tuta, ta gefen da ko biri ba ya bi. Hakimi ya ce in nemo mutum. Na ga kai yanzu ka saba da su..."

Na ji "to" ɗin ta taso daga cikina, ta zo har maƙogwaro, don hanyarta ce, ta saba. Na haɗiye ta. Na ce, "Ranka ya daɗe, ba zan iya ba." Tsirararta na ba shi, ko rawani ban naɗa mata ba.

Ya dube ni kamar na yi masa Turanci. Na ce yau kam na gama zama a garin nan. Sai ya leƙa ƙofar zaure ya ga babu kowa, ya jawo buzunsa kusa da ni, ya rage murya.

"Akwai wadda ake gaya wa manya, ko? Dogari ya ce akwai mai ladabi."

Na ce akwai.

Ya ce, "To maimaita mini ita a hankali. Gobe da safe zan je gaban Hakimi."